Wani Abu Mai Nauyi

Lahadi, 20 ga Oktoba, da la'asar

Ban je coci ba. Na wanke kakina na shanya a bayan gida. Babu komai a jikinsa, wankewa kawai na yi.

Yaya Gwen ta biyo bayan an tashi, da soyayyar kaza da burodin masara. Ta ce ta gani a talabijin, wai wani ɗalibi ya faɗo daga bene a jami'armu, wai 'yar sanda ce ta fara isa wurin. Ta tsaya a ƙofar kicin da hular cocinta a ka, ta ce, "Renita, ke ce?"

Na ce mata ai ba ni kaɗai ce mace a ofishin ba. Ta ce, "Ba yawanku na tambaye ki ba."

Shekarata goma sha shida cikin 'yan sandan jami'ar nan. Yawancin aikin buɗe wa yara ƙofa ne in sun yar da makulli, da raba su in sun sha sun yi tatul. Jiya ranar ƙwallo ce, kuma mu muka ci. Ana ta kiɗa da busa a ƙasa, har saman gareji, benen nan mai hawa-hawa da ake ajiye motoci, ana ji.

Bayan motar asibiti ta tafi da yaron, Saja Bynum ta hawo saman ta same ni a zaune. Ta riƙe fuskata da hannu biyu ta ce, "Culpepper, kin ji ciwo?" Na ce lafiyata lau. Ta sake tambaya. Na ce lafiyata lau.

Na ci cinya ɗaya saboda Yaya ta zuba min ido. Da hagu na ci.

Litinin, 21 ga Oktoba, bayan an tashi aiki

Na je aiki. Tolliver, abokin sintirina, ya sayo min kofi kamar kullum, ya ajiye a gaban mota bai kalle ni ba. Muka zaga. Wata yarinya batirin motarta ya mutu, muka tayar mata. Wani farfesa ya kulle kansa a waje. Da muka zo kwanar da ke bi ta gaban garejin, Tolliver ya miƙe ya bi ta bayan ɗakin karatu. Hanyar ta fi nisa.

Na rubuta rahoton ranar Asabar. Lauyan jami'a da kansa ya sauko ya karɓa, ya ce kada in yi maganar da kowa, ko a gida. Na ce to. Dama ba ni da niyya.

Sunan yaron Nolan Aldridge. Shekararsa ta biyu a jami'a. Yana asibiti, bai farka ba.

Talata, 22 ga Oktoba, da safe

Na kasa taje kaina. Na sa hula.

Laraba, 23 ga Oktoba, da azahar

Saja ta kama ni. Oba-obana yana kan kantar sama inda ake caji, na tsaya ina dabarar sauko da shi da hagu, ashe tana bayana.

Ta ce, "Ɗaga hannun dama."

Na ce sauri nake yi, Saja.

"Ɗaga shi, in gani."

Na ɗaga. Ya kai daidai bel ɗina ya tsaya. Ba zafin ne ya tsayar da shi ba, shi ne kawai ya ƙi tafiya, kamar hannun wata.

Ta ja ni ofishinta ta rufe ƙofa. Shekara tara ina ƙarƙashinta, ban taɓa jin ta yi magana a hankali haka ba. Ta ce, "Ke fa kike koya wa sababbi. In ka ji ciwo a bakin aiki, ko ƙaya ce ta soke ka, ka faɗa a ranar. Da bakinki kike gaya musu. Na tambaye ki sau biyu, Renita. Yanzu mutanen inshora za su ce me ya hana ki magana tun Asabar."

Na ce ban ji shi ba ranar Asabar.

Ta ce, "Na sani. Ni na sani. Su ne ba su sani ba."

Ta miƙo fom ɗin rahoton rauni. Suna, lamba, rana, wuri. Na cika. Akwai wani fili babba a ƙasa: yi bayanin yadda raunin ya faru. Na daɗe da biro a hannu. Na rubuta, "Na riƙe wani abu mai nauyi."

Saja ta karanta. Ta cire tabarau ta goge da gefen rigarta, ta mayar. Ta ce, "Haka za ki bar shi?"

Na ce ai ba ƙarya ba ce.

Ta sa hannu.

Juma'a, 25 ga Oktoba, da hantsi

Ba likitana zan gani ba, sai wanda kamfanin inshora ya yarda da shi. Asibitin yana bayan wurin wankin mota. Muna zaune a layi da wani mai gyaran rufi da ya ɗaure ƙafa, da wata mai dafa abinci a makarantar yara da mai ya ƙona. Kowa yana ba da labarin nasa. Mai gyaran rufin ya ce, "Ke fa Ofisa, ɓarawo kika bi?" Na ce a'a.

Likitan yaro ne, yana da kirki. Ya juya hannun nan, ya juya can. Ya ce in kwatanta masa zafin. Na ce ba na jin wani zafi sosai. Ya dube ni, ya ce mutanen da kafaɗarsu ta yi haka kuka suke zuwa da shi.

Ya duba fom ya ce, "Abin da kika riƙe ɗin, nauyinsa zai kai nawa?"

Na ce ban auna ba.

An rataye min hannun a wuya. Za a ɗauki hoto ranar Litinin.

Asabar, 26 ga Oktoba, da yamma

Yau ma akwai ƙwallo. Daga gidana ana jin ihun filin in iska ta juyo. Na rufe tagogi na kunna injin wanki.

Litinin, 28 ga Oktoba, da la'asar

Sun tura ni cikin na'urar hoto, doguwa kamar bututu, tana ta bugawa. Ma'aikaciyar ta ce mutane da yawa ba sa iya jurewa, in na ji tsoro in matsa ƙararrawa. Barci na yi. Shi ne barci mafi daɗi da na samu tun ranar.

Jijiyoyi biyu sun tsinke. Sai an yi tiyata, kuma likita ya ce kada a ja lokaci, in tsokar ta janye ba lalle ta koma yadda take ba. Sai dai ba a yi sai inshora sun amince.

Laraba, 30 ga Oktoba, da azahar

An mayar da ni aikin tebur. Na miƙa bindigata, aka kulle. Wanda ba zai iya zaro ta ba ba ya ɗaukar ta, doka ce, ni ma na sha gaya wa wasu.

Teburin yana bakin ƙofar shiga. Takardun izinin ajiye mota, tara, da kayan tsintuwa. Akwai kwali guda cike da lema. Akwai haƙoran roba da ba wanda ya zo nema.

Ɗalibai suna zuwa suna faɗa a kan tara. Wani ya ce min, "Madam, ke ko tausayi ba ki da shi?" Na buga masa hatimi na ce na gaba.

An ɗaura shingen waya mai tsawo a kan katangar saman garejin. Tolliver ne ya gaya min. Ya ce cikin kwana biyu aka gama, bayan shekara da shekaru muna rubutawa. Na ce madalla.

Alhamis, 31 ga Oktoba, da safe

Yaron yana nan dai yadda yake.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, da la'asar

Wata Madam Kessler ta kira daga kamfanin inshora. Ita ke riƙe da takarduna. Muryarta mai daɗi, kamar ta masu karanta labarin yanayi. Ina jin tana buga rubutu muna magana.

Ta ce me ya sa ban faɗa ba sai Laraba. Na ce ban lura ba. Ta ce jijiya biyu sun tsinke ban lura ba? Na ce e.

Ta ce ta ga a tsofaffin takarduna na taɓa zuwa asibiti da wannan kafaɗar. Na ce wannan tun ina 'yan mata ne, ina jifan ƙwallo a ƙungiyar cocinmu, kwana kaɗan ya warke. Ta ce ta gane. Ta tambaya ko na yi aikin lambu a ƙarshen makon nan, ko na matsar da kujeru, ko ina da jikoki da nake ɗauka. Na ce ba ni da ko ɗa.

Sai ta ce, "Ofisa Culpepper, kin rubuta wani abu mai nauyi. Mene ne abin?"

Na ce yana cikin rahoton 'yan sanda.

Ta ce ta nema, lauyoyin jami'a sun hana, har da hoton kyamara, wai akwai yiwuwar shari'a. Abin da ke gabanta layi ɗaya ne da na rubuta da hannuna, kuma layi ɗaya ba ya isa a yanka mutum. Sai na ba da bayani da bakina, a naɗa. Ta ce lauyan ya yarda da wannan, tunda sirri ne tsakanina da su.

Na ce zan kira ta. Ta ce in ji sauƙi.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, da azahar

Yaya ta ja ni coci. Mata suka yi ta rungumata ta gefen hagu. Fasto ya sa sunana a addu'a, da na yaron, a jere. Na ƙura wa fankar sama ido har aka ce amin.

Litinin, 4 ga Nuwamba, da azahar

Shugaban jami'a ya aiko da saƙo ga kowa da kowa. Cikin alhini, yaron ya rasu. Sun rubuta sunansa daidai.

Na ba da izinin mota goma sha wani abu kafin azahar.

Litinin ɗin dai, da yamma

Saja ta ce in tafi gida. Na ce wa zai zauna a tebur. Ta ce, "Teburin uwar wa? Tashi ki tafi." Na zauna har lokacin tashi ya yi.

Laraba, 6 ga Nuwamba, da magariba

Ɗalibai sun taru a gindin garejin da kyandir. Tolliver aka sa ya hana motoci bi ta wurin. Ni ina tebur, ta taga ina ganin bayansu. Sun yi waƙa. Wata yarinya ta shigo ta ce ko muna da ashana, iska ta kashe nata. Na duba kwalin tsintuwa na ba ta abin kunna sigari.

Na ci abinci da na dawo. Ban tuna ko mene ne ba.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, da la'asar

Takarda ta zo. An dakatar da maganar tiyata har sai an kammala bincike. Na bar ta a kan tebur, Yaya ta zo kawo min wanki ta karanta.

Ta ce, "Bincike? Ke za su bincika? Ba ni lambar matar nan."

Na ce aikinta take yi.

"Aikinta! Ke kuma naki aikin fa, da ya cinye miki hannu? Kin ga yadda kika koma kuwa? Rigar nan da mutum biyu za ta ɗauka. Ki buɗe baki ki gaya musu abin da ya faru, a yi miki aiki, shi ke nan. Magana ce fa kawai."

Na ce to.

"Kullum to. Tun kina yarinya in kika ce to na san ba yi za ki yi ba. Mama ma ta sani." Ta zauna a kan kwandon wankin. Ta ce, "Ni ba sai kin gaya min ba, 'yar ƙanwata. Amma hannun nan guda biyu kawai Allah ya ba ki."

Ta taje min kai kafin ta tafi. Ta ja da ƙarfi kamar da.

Asabar, 9 ga Nuwamba, da hantsi

Ruwa tun safe.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, da la'asar

Tolliver ya zo gida, bai taɓa zuwa ba. Ya ce matarsa ce ta aiko shi da miyar wake. Ya ga ganye ya cika min tsakar gida, ya ɗauki manjagara ya hau shara, ba wanda ya sa shi. Na zauna a baranda ina kallo.

Na ce, "Tsoho, a hankali, kar kai ma ka cika fom."

Ya ce, "Ni in na cika nawa, shafi uku zan rubuta. Ba irin wasu ba." Ashe Saja ta gaya masa.

Ya yi ta shara. Can ya tsaya, ya ba ni baya, ya ce ya rubuta wa inshora abin da ya gani, amma ƙarshen kawai ya gani, ni a kwance a kan katanga rabin jikina a waje. Ya ce, "Ina hawa na huɗu na ji ki a oba-oba. Gwiwar nan tawa. Da a ce shekara goma baya ne, Culpepper, da na..."

Na ce, "Ka bar wancan lungun, can ganyen ya fi taruwa."

Ya je ya share lungun. Ya cika buhu ya ɗaure. Da zai tafi ya ce an ba shi sabon abokin sintiri, yaro ne mai surutu, ba ya shan kofi sai wani koren ruwa. Ya ce in yi sauri in dawo kafin ya jefar da shi a tafki.

Talata, 12 ga Nuwamba, da safe

Hannun ya fara ramewa. Na gani a madubi. Na kira Madam Kessler, ta ce gobe ƙarfe biyu.

Laraba, 13 ga Nuwamba, da la'asar

Ta waya aka yi, a ofishin Saja, ita ta fita ta ja ƙofa. Madam Kessler ta ce an fara naɗa, in faɗi sunana da lambata. Na faɗa. Ta ce in fara daga farko.

Na ce an kira an ce ga wani zaune a kan katangar saman gareji. Ni ce kusa. Na hau. Na same shi ƙafafunsa a waje, yana kallon filin ƙwallo. Na gaya masa sunana, ya gaya min nasa. Na ce sanyi ake yi a nan, ya ce e. Na tambaye shi ko ya kalli wasan, ya ce bai samu tikiti ba. Muka ɗan yi hira. Ina matsowa kaɗan-kaɗan. Sai ya motsa.

Ta ce, "Ya motsa yaya?"

Na ce ya motsa. Na kai hannu na kama wuyan hannunsa. Nauyinsa ya fizge ni na bugu da katanga. Na riƙe. Na danna oba-oba da haɓata na kira Tolliver. Na riƙe. Sai na ji wani abu ya ce ɗas a kafaɗata, kamar an tsinke igiyar shanya. Yatsuna suka buɗe.

Na ce mata ban buɗe su ba. Na maimaita, don ya shiga na'urar da kyau. Na ce su suka buɗe.

Muryata ba ta yi rawa ba. Ina jin ta kamar ta wata tana karanta lambar mota.

Buga rubutun ya tsaya. Sai ta ce, "Ofisa, akwai sauran tambayoyi a takardata, dole in karanta su." Na ce bismilla. Ta ce, "A lokacin, kina sanye da kayan kariya da suka dace da aikin?" Na ce e. Ta ce, "Akwai wata hanya da kike ganin da an bi za a kauce wa raunin?"

Na ce akwai. Da ban kama shi ba.

Ta ce, "An gama naɗa." Na ji ta kashe. Sai ta ce da wata murya daban, ɗanta yana shekarar farko a wata jami'a, can arewa. Muka ajiye waya.

Na koma tebur. Wani ya zo neman lemarsa, baƙa. Duk baƙaƙe ne. Na ce ya zaɓa.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, da azahar

Sun amince. Tiyata ranar Alhamis mai zuwa. Sun haɗa da zuwa wurin likitan damuwa, wanda ake zama a yi wa magana, ban nema ba. Saja ta ce zuwa zan yi ko ta kai ni da ankwa.

Yaya ta yi ta ihu a waya tana godiya ga Yesu. Na riƙe wayar nesa da kunne har ta gama.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, da yamma

Na zauna a baranda. Ba abin da ya faru.

Talata, 19 ga Nuwamba, bayan an tashi aiki

Ranata ta ƙarshe a tebur kafin tiyata.

Wajen azahar wani mutum ya shigo, dogo, ya manyanta, da rigar sanyi irin ta masu aikin gona, hularsa a hannu. Ya jira layi ya zo kansa. Ya ajiye takardun tara a gabana, da yawa, ruwa ya jiƙa su sun bushe sun kumbura. Ya ce, "Madam, motar ɗana ce a saman garejinku. Na zo ɗauka, na tarar an sa mata ƙarfe a taya. An ce nan zan zo."

Na duba lambar a kwamfuta. Sunan ya fito.

Wata guda motar tana can, masu rubuta tara suna bi suna liƙawa. Ba wanda ya gaya musu. Ni ma ban tuna yana da mota ba.

Na soke su ɗaya bayan ɗaya. Da hannu ɗaya abin yana da jinkiri. Na kira a cire ƙarfen. Ban ɗago ba, amma na san ya daina kallon takardun, yana kallon hannuna da ke rataye, da sunan da ke ƙirjina.

Ya ce, "Ke ce Culpepper."

Na ce ni ce, yallaɓai.

Ya juya hularsa. Ya ce, "Lauyanmu ya ce kar in yi magana da kowa a nan."

Na ce ni ma namu ya ce haka.

Ya gyaɗa kai. Bai tafi ba. Akwai yara biyu a bayansa suna jira. Na ce wa Saja ta riƙe min tebur, ta dube shi, ta dube ni, ta zo ta zauna ba ta tambaya ba.

Muka fita muka zauna a bencin da ke gefen ofis. Daga nan ba a ganin garejin. Ya ce injinan noma yake gyarawa, tafiyar rabin yini ce daga garinsu. Ya ce uwar yaron ta kasa zuwa. Ya ce Nolan ya kira shi da safen ranar, sun yi maganar tayar mota, ba wani abu. Ya ce tun lokacin yake juya maganar tayar nan.

Sai ya ce, "Ba don shari'a ba, Ofisa. Ba zan gaya wa lauya ba. Uwarsa ce take tambayata kullum, ni kuma ba ni da amsa. Zamewa ya yi, ko kuwa..."

Na ce, "Ban sani ba, Mista Aldridge. Wallahi na duba ta ko'ina. Wata rana sai in ga juyowa yake zai sauko wurina, wata rana in ga ba haka ba. Ba zan yi maka ƙarya ba."

Ya ce to. Ya kalli ƙasa.

Na ce, "Amma da na kama shi, shi ma ya kama ni. Da hannu biyu. Ya riƙe sosai."

Ban gaya wa inshora wannan ba, ba su tambaya ba. Ban san ma ina da shi ba sai da na ji ya fito.

Ya ce, "Da hannu biyu." Na ce e. Ya ce, "Yana da ƙarfi. Tun yana ƙarami yake taya ni ɗaga injin." Na ce na ji ƙarfinsa.

Ya share fuska da hular. Ya tambayi hannun, na ce jibi za a yi aiki. Ya ce Allah ya sa a dace. Aka kira a oba-oba aka ce an cire ƙarfen, mota tana jira.

Ya miƙe, na miƙe. Sai ya ce, "Tsaya." Igiyar kambas ɗina ta dama ce ta kwance tana jan ƙasa. Na ce ba komai, cusa ta nake yi ciki, hannu ɗaya ba ya ɗauri. Kafin in rufe baki ya durƙusa a kan simintin, gwiwarsa ta yi ƙara. Ya ɗaure ta, ya ja, ya sake ƙulli a kai. Ina tsaye ina kallon tsakiyar kansa inda gashi ya zube.

Ya ce, "Kar ki taka ki faɗi."

Ya tafi ɗaukar motar.

Na koma tebur, Saja ta ce in je banɗaki in wanke fuskata. Na ce me ya samu fuskata. Na taɓa na ji hawaye.

Kafaɗar tana ciwo yau. Ciwo sosai, tun daga wuya har yatsu. Na sha maganin da likita ya ba ni, karo na farko.

Da na dawo gida ban kwance ƙullin ba. Na taka dunduniyar da ɗaya ƙafar na zare takalmin a haka.